Wasan salula a fada: yadda ake haɗa wayoyi ba tare da rezo ko kiredi ba



Duk wanda ya ratsa ta gaban fada bayan sallar isha ya san yadda abin yake. Shayi na kan gawayi, samari huɗu ko biyar sun sunkuyar da kai, kowa da salularsa a hannu, ana wasa. Can sai ka ji ɗaya ya yi tsaki ya ce mega ta ƙare, ko kuma rezo ya ɗauke ana tsakiyar wasa. Washegari a sake sayen wani forfen. Sau da yawa kuɗin nan daga cikin abin da wani yaya ya aiko ne daga ci-rani, wanda aka so a sayi hatsi ko magani da shi.

To, ga abin da da yawa ba su sani ba: in masu wasan suna zaune wuri guda, akwai wasannin da ba su buƙatar rezo, ba su buƙatar kiredi, ko dala ba za ta fita ba. Wayoyin ne da kansu suke ƙulla wani ɗan ƙaramin rezo tsakaninsu. Yau za mu yi bayanin yadda ake yi, da inda yake aiki, da inda ba ya yi.

Ina bambancin yake?

Wasa irin Free Fire ko PUBG Mobile, ko da kai da abokinka kuna kan tabarma ɗaya, saƙon da ya fita daga wayarka sai ya bi ta eriyar Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms, ya tafi wata babbar kwamfuta a wata ƙasa, sannan ya dawo wayar abokin naka. Kamar ka aika wa maƙwabcinka takarda ne, amma sai ta bi ta Yamai kafin ta iso masa. Shi ya sa in babu intanet waɗannan wasanni ba su tashi, kuma babu wata dabara da za ta sa su tashi. Wanda duk ya ce maka yana da wata manhaja da za ta yi maka haka, yi hattara da shi.

Ɗaya hanyar kuwa, waya guda ce take buɗe tashar wifi, sauran su shiga. Saƙo daga wannan waya zuwa waccan kai tsaye yake tafiya, bai fita ko ƙofar gida ba. Wanda ya taɓa tura waƙa ko wa'azi ta Xender ko SHAREit ya riga ya yi wannan aikin bai sani ba, domin su ma da irin wannan hanya suke amfani. Bari mu kira wayar da ta buɗe tashar "mai masauki", sauran kuma "baƙi".

Wasannin da suka yarda da haka

Ba kowane wasa ba ne. Wanda ya ƙirƙiri wasan shi ke saka masa wannan ƙofa ko ya hana. In za ku duba, ku nemi kalmomin LAN, Local, Wi-Fi local ko ad hoc a cikin wasan ko a bayaninsa na Play Store.

Daga cikin waɗanda aka sani akwai BombSquad, da ke ɗaukar har mutum 8 a wasa guda. Akwai Mini Militia Classic, na kamfanin Appsomniacs. A kula da kalmar Classic ɗin, domin akwai wani mai suna kusan iri ɗaya. Akwai Minecraft, wanda shi na saye ne. Sai kuma PPSSPP, wadda masu son ƙwallo suka fi sani. Ita ba wasa ba ce a kan kanta. Manhaja ce da wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar a 2012, tana sa salula ta yi aikin PSP, ƴar na'urar wasan hannu da Sony ta fitar a 2004. A cikinta ne samari ke buga PES.

Ludo King da irinsa kuwa ba su ma buƙatar duk wannan: waya ɗaya ta isa, ana miƙa ta hannu zuwa hannu.

Matakin farko: mai masauki

A zaɓi wayar da ta fi ƙarfi da cikakken batir. Gara ta zama Android, irin su Tecno, Infinix, itel ko Samsung, domin iPhone ba ta buɗe tasharta sai an kunna mata intanet na kamfani.

Da yake yawancin wayoyinmu da Faransanci suke, ga yadda za ku gani. A shiga Paramètres, a je Réseau et Internet, ko Connexions a wayoyin Samsung, a nemi Point d'accès. A ba tashar suna mai sauƙin ganewa, a sa mata kalmar sirri ta aƙalla haruffa ko lambobi 8, sannan a kunna.

Kafin a kunna kuwa, a kashe Données mobiles. Nan ne mutane da yawa ke yin asara. In mai masauki ya bar intanet ɗinsa a buɗe, wayoyin baƙi za su ɗauka sun samu wifi na kyauta: WhatsApp ya fara sauke bidiyo, Play Store ya fara sabunta manhajoji, kafin shayi na biyu ya nuna forfen ya tafi. A kashe shi. Tashar za ta yi aikinta ba tare da shi ba.

Wani abu kuma: wifi na da layi biyu, 2,4 GHz da 5 GHz. Ƙananan wayoyi masu araha da yawa na farkon kaɗai suke gani. In wani baƙo ya ce shi bai ga sunan tashar ba alhali kowa ya gani, a koma cikin Point d'accès a maida ta kan 2,4 GHz.

Mataki na biyu: baƙi

Kowane baƙo ya kashe nasa Données mobiles, ya kunna wifi, ya zaɓi sunan tashar, ya sa kalmar sirri. Wayar za ta iya cewa wannan wifi ba shi da intanet, ta tambaya ko a ci gaba da zama a kansa. A ce mata e. In ba a amsa ba, wasu wayoyin sukan saki tashar da kansu, sai ku ga ɗan wasa ya ɓace ba dalili. Mai VPN a wayarsa shi ma ya kashe, domin yakan hana wayoyin ganin juna.

Daga nan mai masauki ya buɗe wasan ya ƙirƙiri ɗaki a sashen LAN ko Local. Baƙi su buɗe nasu, su shiga wannan sashe, sunan ɗakin zai fito, su taɓa. A BombSquad da Mini Militia Classic aikin ke nan, ya ƙare.

Sharaɗi ɗaya ne ba a tsallake shi: wasan ya zama fitowa ɗaya a duk wayoyin. In naka na bara ne, na abokinka na bana, galibi ba za su haɗu ba. Mafita ita ce mutum ɗaya ya sauke wasan ranar da ya shiga Tanut, Belbeji ko Bakin Birji inda rezo ke da ƙarfi, ya buɗe shi sau ɗaya a can ya tabbata ya gama sauke duk kayansa, sannan ya raba wa saura.

Masu PES a PPSSPP, ga naku

Nan aikin ya ɗan fi yawa, amma sau ɗaya ake yinsa. Bayan kowa ya shiga tashar mai masauki, a buɗe PPSSPP, a shiga saitinta, sashen Réseau.

Na ɗaya, kowa ya kunna wurin da aka rubuta WLAN.

Na biyu, mai masauki shi kaɗai ya kunna serveur ad hoc na cikin manhajar. Baƙi su bar nasu a kashe. In mutum biyu suka kunna, an yi sarki biyu a gari ɗaya.

Na uku, kowa, har da mai masaukin, ya rubuta adireshin IP na wayar mai masauki a gurbin adireshin serveur. IP lambar gida ce ta kowace waya a cikin ɗan rezon. A tsofaffin wayoyin Android lambar mai masauki kusan kullum 192.168.43.1 ce, shi ya sa za ku ji samari sun haddace ta. Sababbin wayoyi kuwa sukan canza ta, wani lokaci duk sanda aka sake kunna tashar. Hanyar gano ta: baƙo ya shiga bayanin wifi ɗin da ya haɗu da shi, ya duba lambar da ke gaban Passerelle ko Routeur. Ita ce.

Na huɗu, lambar da ke wurin port ta zama iri ɗaya a duk wayoyin, amma adireshin MAC na kowa ya bambanta. In an kwafi saitin PPSSPP daga waya zuwa waya, MAC ɗin yakan zo iri ɗaya, sai wayoyin su kasa bambanta juna. A taɓa shi ya canza.

Sannan a buɗe wasan, a shiga sashen ad hoc, ɗaya ya buɗe ɗaki, ɗaya ya shiga. A sani cewa Konami ta daina fitar da PES na PSP tun daga PES 2014. Waɗanda ke yawo da sunayen ƴan wasan bana, gyaran hannu ne wasu suka yi wa tsohon. Saboda haka fayil ɗin ya zama guda ne aka raba wa kowa, in ba haka ba wasa zai tsinke ana tsaka da shi.

In abu ya ƙi

In ɗakin bai fito ba, a duba abu uku: kowa na kan tasha ɗaya? Fitowar wasan ɗaya ce? An kashe intanet da VPN? In waya ta nemi izinin ganin na'urorin da ke kusa, a ba ta.

In wasa na sarƙewa, a matso kusa. Bangon ƙasa mai kauri da ƙofar kwano suna rage ƙarfin wifi sosai. A tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa ɗaya ya fi. A kashe Économiseur de batterie, domin yakan rage wa waya ƙarfi. Yawancin wayoyi ba su karɓar baƙi fiye da 10, wasu ma ba su kai haka ba, kuma ƙaramar waya tun kafin nan take gajiya.

Batir da zafi

Kiredi ya tsira, amma batir na biya. Wayar mai masauki aiki biyu take yi, ga wasa ga riƙe tasha, don haka ta fi saurin shan caji da ɗaukar zafi. A ƙauyukan da wutar NIGELEC ba ta kai ba, inda sai an kai waya wurin mai sola an biya, adalci shi ne a riƙa karɓa-karɓa: yau wannan ne mai masauki, gobe wancan.

A bazara, watannin Afrilu da Mayu, zafin Damargu kan wuce digiri 40. Kada a yi wasa waya na jikin caji, kada a ajiye ta cikin rana ko ƙarƙashin matashi. In ta yi zafin da hannu ke ji, a cire mata riga a bar ta ta huce. Batirin da ya kumbura kuwa a daina amfani da shi, a kai wa mai gyara, domin yana iya kamawa da wuta. In an tashi daga wasa a kashe tashar.

Ga ƴan uwa na nesa

Wasu kan tambaya ko daga Libiya ko Aljeriya za su iya shiga wasan ƙannensu ta wannan hanya. A'a. Tashar wifi ta waya ba ta wuce ƴan mitoci, iyakarta gida ɗaya ko fada ɗaya. Wasa tsakanin Sabha da Tarka sai da intanet a ɓangarorin biyu.

Amma akwai abin da za ku iya. In za ku aiko da waya, ku saka mata wasannin tun daga can inda wifi ke da sauƙi, daga Play Store. Fayilolin da ake turawa a rukunonin WhatsApp da alƙawarin kuɗin wasa marar iyaka, wasunsu na ɗauke da abin da ke leƙa saƙonni da lambobin sirri, alhali waya ɗaya ce ake wasa da ita, ake kuma karɓar saƙon kuɗi da ita. In kuma yaro ya ce a turo masa kiredi don wasa da abokansa na unguwa, yanzu kun san tambayar da za ku yi masa: wane wasa ne, kuma ba ya yi da wifi na gida?

Iyaye kuma, wannan hanya na da wani alheri: da yake intanet a kashe yake, yaro na wasa ne da waɗanda kuke gani zaune gabanku, ba da baƙon da ba ku sani ba. Saura ku ja layi kan abu biyu. Lokaci, kada wasa ya cinye karatu, sallah, gona ko kiwo. Sai kuɗi: da zarar an ce wanda aka ci zai biya, ko da dala ashirin ce, wasa ya zama caca, kuma mun san inda take kai zumunci.

Ku gwada a fadarku daren nan, da waya biyu tukuna. In ta yi, ku ƙara ta uku. Wanda ya iya ya koya wa na kusa da shi. Sai mun sake haɗuwa, Allah ya bar zumunci.