Amfili Mai Ƙwan Gilas: Kada Ku Sayar Da Tsohuwar Radiyo A Kan Kilo

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, lasifika ba ta hutawa. Da ita mai maganin gargajiya ke talla, da ita ake cigiyar yaro in ya ɓata, da ita ake kiran salla. Amma lasifika ita kaɗai bebiya ce. Akwatin da ke bayanta, wato amfili, shi ke ɗaukar ƴar muryar da aka yi a makirfo ya ƙara mata ƙarfi. Yau za mu duba amfili irin na da, mai ƙwan gilas, wanda har yanzu ake haɗawa da hannu, da kuma inda zancen ya taɓa aljihunku, ƴan uwa ƴan kasuwa da iyayenmu mata.

Asalin ƙwan

A shekara ta 1904 wani Baturen Ingila, Fleming, ya ƙera ƙwan farko. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa wata ƴar waya a tsakiya, wadda ita ce daga baya ta ba shi ikon ƙara sauti. Lokacin da aka buɗe Radiyo Nijar a 1958, wadda ta zama Muryar Sahel a 1974, manyan akwatunan radiyo na gidajen ma'aikata da attajirai da wannan ƙwan suke aiki. In an kunna sai an ɗan jira ya yi zafi kafin magana ta fito. Taransisto da aka gano a Amurka a 1947 shi ya kore shi, domin ƙarami ne, ba ya fashewa, kuma ƴan pil sun ishe shi.

Yadda yake aiki

An zuƙe iskar da ke cikin gilas ɗin kaf. A tsakiya akwai zaren da ke yin ja in wuta ta shige shi, yana gasa wani ɗan ƙarfe. In ƙarfen ya yi zafi sai wutar lantarki ta riƙa tsallakawa daga gare shi zuwa wani faranti da ke kewaye da shi. Tsakaninsu ne aka sa waccan ƴar waya mai kama da raga. Ku ɗauke ta kamar kan famfo: ƙaramin yaro na iya murɗa shi da yatsa biyu, ruwa mai ƙarfi ya ƙaru ko ya ragu. Muryar makirfo ita ce yatsun, wutar da ke tsallakawa ita ce ruwan.

Yadda ake haɗa shi

Gwanin haɗi yana fara tambayar kansa: ina za a saurara? In ɗaki ne ko shago, wat 5 ya isa, kuma ƙwai biyu sun wadatar. Na farko, mai lamba ECC83, yana ɗaga raunanniyar murya. Na biyu, EL84, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1953, shi ke ba ta ƙarfin motsa lasifika. In ana son wajen wat 15, sai a jera EL84 guda biyu suna aiki kamar mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke.

Sai taransifo biyu, waɗanda su ne mafi nauyi da tsada. Ɗaya yana karɓar kuran ɗinmu na bolt 220 ya fitar da kashi biyu: bolt 6,3 don gasa zaren, da wajen bolt 250 don farantin. Ɗayan yana tsakanin EL84 da lasifika, yana yi musu tafinta, domin ƙwan na son nauyin om 5.000, lasifika kuwa om 8 gare ta. Akwai kuma kondansata masu tace wuta, da ƴan resistans, da fis.

Ana huda farantin ƙarfe a dasa kayan, sannan a bi zanen ana liƙa wayoyi da dalma. Nan ake gane gwani. Yana nisanta taransifon wuta da mashigar makirfo, yana gicciya taransifon biyu, yana tufka wayoyin zaren kamar igiya, ya tattara wayoyin ƙasa wuri ɗaya. In ya yi ganganci, amfili zai yi ta gurnani ko ba mai magana. Ranar gwaji kuma yana sa ƙwan fitila mai zare a hanyar kuran. In ya haska ya dushe, lafiya lau. In ya tsaya da haske sosai, akwai wayar da ta haɗe, sai a kashe nan take.

Inda haɗarin yake

Bolt 250 na iya kashe mutum. Kuma kondansata na riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, shi ya sa mai gyara ke sauke ta ya auna kafin ya sa hannu. Wasu tsofaffin radiyo ba su da taransifon wuta, ƙarfen jikinsu na iya ɗaukar kuran kai tsaye. Iyaye mata, in yaronku na koyon gyara a kasuwa, ku tabbata maigidansa na tsaye a kansa kafin ya buɗe irin wannan akwati. Kada kuma a kunna amfili mai ƙwai ba a jona lasifika ba, taransifon na iya ƙonewa.

Wanne ya dace da mai talla?

Gaskiya ɗaya ce: wanda ke neman abin talla a rumfa ko a kan amalanke, ya sayi na zamani. Mai ƙwai yana shan wajen wat 25 zuwa 30 ya ba da wat 5, saura duk zafi ne, ga shi zafin watan Afrilu a nan ya wuce digiri 40. Ga ƙura, ga gilas mai fashewa, kuma in kuran ya ɗauke ya yi shiru ke nan. Na zamani kuwa batir mai bolt 12 da ƙaramin faifan sola sun riƙe shi yini guda.

Masu neman na ƙwai su ne makaɗan jita da masu sha'awar sauti, domin in an ƙure shi muryarsa na kaurara a hankali ba ta tsaga kunne. Amfilin Vox AC30 da ƙungiyar Beatles ta yi kiɗa da shi a shekarun 1960 EL84 huɗu ne a cikinsa. Saboda irin waɗannan masu saye ne ake ci gaba da ƙera ƙwan a Rasha, Sin da Sulobakiya.

Kafin mai gwangwan ya zo

In akwai tsohuwar radiyo ta kaka a ɗakin ajiya, kada ku jona ta a kuran, domin kondansata da suka daɗe a kwance na iya fashewa. Kada kuma ku miƙa ta a auna a sikeli, a farfasa don ɗan jan ƙarfen da ke ciki. Ku kai wa dattijon mai gyara ya buɗe a gabanku. Ku dubi ƙwan: in tabon da ke cikin gilas ɗin yana ƙyalli kamar madubi, iska ba ta shiga ba, in ya koma fari kamar alli, ya mutu. Ku karanta lambar da ke jikinsa, ku tambayi farashinta wuri biyu ko uku, kamar yadda kuke yi wa buhun gero. Ƙwan da taransifon da ke da rai kayan aiki ne, da su wani matashi zai haɗa amfilinsa na farko.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.