Tallafin Tsadar Mai: Wanne Kyauta Ne, Wanne Bashi?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, mai injin niƙa a Ruwan Bore da mai walda a Tsafe da mai cajin waya a Bungudu ke kwana da lissafi ɗaya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A garuruwan da wutar Kaduna Electric ba ta zama, ko ma ba ta isa ba, janareto shi ne sana'ar. Mai niƙa ya ƙara kuɗin kwano, wasu matan suka koma ga turminsu.

A jawabinsa na 31 ga Yuli 2023, shugaban ya yi alkawarin abubuwa biyu da suka shafi ƙananan 'yan kasuwa, kuma jama'a na yawan cakuɗa su. Na farko kyauta ne: naira 50,000 ga kowane ɗaya daga cikin masu ƙaramar sana'a miliyan 1, wato mutum 1,300 a kowace ƙaramar hukuma. Mutum 1,300 a duk faɗin Gusau, daga Sabon Gari har Magami da Wonaka! Wanda ya samu kuma, in mai na 1,000, kuɗin lita 50 aka ba shi.

Na biyu bashi ne ta hannun Bankin Masana'antu, BOI: daga naira 500,000 zuwa miliyan 1, da kuɗin ruwa kashi 9 cikin 100 a shekara, a biya cikin wata 36. Wanda ya ci miliyan 1 zai riƙa fitar da kusan 32,000 duk wata, ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba. Mai gudun riba ya fara tambayar malaminsa kafin ya sa hannu.

Mun ga irin wannan a baya. Lokacin korona a 2020, mutane da dama sun karɓi kuɗin bankin NIRSAL suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa. Da wa'adi ya cika aka bi lambar BVN, aka riƙa cire kuɗin daga duk asusun da mutum ke da shi. Saboda haka in za a ci bashin, a zuba shi a abin da zai rage shan mai, kamar farantin sola da batir ga mai cajin waya ko mai sayar da ruwan sanyi. Wanda ya sayi fetur da shi, fetur ɗin zai ƙone, bashin na nan.

Sai 'yan damfara, da ke bin kowane tallafi a baya. Za a turo maka saƙo a WhatsApp da hoton shugaban ƙasa, ko wani ya zo da jaka yana cewa yana da mutum a Abuja, ka kawo 5,000 na fom. Fom ɗin tallafin gwamnati ba a sayar da shi. Ana neman NIN da BVN wajen rajista, amma babu ma'aikacin da zai nemi lambar sirrin katinka ko lambobin da banki ya turo maka a waya. In ka riga ka bayar, ka kira bankinka a rufe asusun nan take, kada ka jira ranar kasuwa ka shiga Gusau.