Ƙungiyar da ke tsare layi a ƙasar ƙanƙara

A can ƙarshen kudancin duniya akwai nahiyar Antatika, wadda ƙanƙara ta lulluɓe kusan gaba ɗaya. Ba sarki, ba ɗan sanda, ba gari ko ɗaya. Yarjejeniyar da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959 ta keɓe ta domin zaman lafiya da binciken kimiyya. Duk da haka, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da sanyi ke sassautawa, jiragen ruwa kan kwaso 'yan yawon buɗe ido, yawanci daga Ushuwaya ta Ajantina, su yi kwana biyu suna keta teku kafin su isa. A kakar 2023 zuwa 2024 adadinsu ya haura dubu 100.

To wa zai tsawata wa masu wannan sana'a a inda babu hukuma? A 1991 kamfanoni bakwai suka kafa ƙungiyar IAATO, wadda yanzu mambobinta sun wuce 100. Sun gane cewa abin da suke sayarwa shi ne wurin da ɗan Adam bai ɓata ba, kuma idan ɗaya ya ɓata shi, kowa ya yi asara.

Babban aikinta shi ne rabon layi. Wuraren sauka kaɗan ne, jirage kuwa da yawa. Kafin kaka ta kama, kowane kamfani yakan yi rajistar rana da wurin da zai sauke mutanensa, kamar yadda ƙungiyar direbobi ke ba kowace mota layinta a tasha. Jirgi ɗaya ke sauke fasinja a wuri ɗaya a lokaci guda. Mutum 100 kawai ake bari a tudu, kowane 20 da ɗan jagora ɗaya. Jirgin da ya ɗauko fiye da mutum 500 ba ya sauke kowa, sai kallo daga nesa.

Ƙungiyar kuma takan yi wa 'yan jagora jarrabawa, ta tsara musu ƙa'idoji. A wanke takalma da magani kafin a sauka da bayan an dawo, kada a kai iri ko cuta. A bar tazarar aƙalla mita 5 tsakanin mutum da tsuntsayen fengwin. Da murar tsuntsaye ta kusanto yankin, aka hana zama ko durƙusawa a ƙasa.

Sai batun ceto. Jiragen mambobi kan sanar da juna inda suke, domin agaji mafi kusa sau da yawa yana hannun abokin gasa. A Nuwamban 2007 jirgin Explorer ya nutse bayan ƙanƙara ta huda shi, wani jirgin 'yan yawo ne ya kwashe mutum 154 da ke ciki, ba a rasa rai ba. Haka nan ƙungiyar ce ke magana da yawun kamfanonin a taron ƙasashen yarjejeniyar, ta gabatar da alƙaluman baƙi.

Sai dai shiga ƙungiyar ganin dama ne, kuma izinin tafiya gwamnatoci ke bayarwa. Iyakarta ta ladabtar da ɗanta ko ta kore shi, ba ta da ikon ƙayyade yawan masu zuwa. Ga shi kuwa baƙi sai ƙaruwa suke yi. Hukuncin ƙayyade yawansu yana wuyan ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar, kuma har yanzu ba su yanke shi ba.