Ai Mun Goge Sunaye

Makonni uku da suka wuce wani yaro a unguwarmu, mai aikin sa-kai da wata ƙungiya da ke rabon magani, ya tura takardar Excel cikin zauren WhatsApp na 'yan unguwa. Niyyarsa mai kyau ce, so yake masu hali su ga yawan mabuƙata su sa hannu a aljihu. Kowane layi na takardar mutum ɗaya ne: shekaru, jinsi, inda yake zaune, sana'a, da ciwon da ake ba shi magani a kai. Gurbin suna kaɗai aka share. Ban kai layi na goma ba na ajiye wayar. Namiji, ɗan shekara 52, mai gyaran keken ɗinki, bayan masallacin Juma'a, ciwon hanta. Duk faɗin unguwar mutum ɗaya ke gyaran keken ɗinki, kuma daren jiyan nan sahunmu ɗaya da shi a sallar isha'i. An ma sa ranar bikin 'yarsa.

Na kira yaron, ya ɗaga da fara'arsa. Da na gaya masa abin da na gani sai ya ce, "Haba Kawu, ai mun goge sunaye." Na gaji da jin wannan magana. Na ji ta a bakin ma'aikatan lafiya, da ɗalibai masu rubutun kammala digiri, da masu tattara sunayen tallafi. Kowa na faɗinta da natsuwar wanda ya kulle ƙofa da kwaɗo ya kwanta, alhali katangar bayan gida a rushe take.

Rumbun bayanai ba wani abin tsoro ba ne. Jadawali ne mai layuka da gurabe da aka ajiye a kwamfuta, ana yi masa tambaya yana amsawa. Tun 1970 wani masani a kamfanin IBM, Edgar Codd, ya shimfiɗa lissafin da ake tafiya a kansa har yau, kuma babban ƙarfin tsarin shi ne ana iya ɗinke jadawali biyu ta gurbin da suka yi tarayya a kai. Wannan ɗinkin shi ne ke tona asirin da ake zaton an rufe.

A jihar Massachusetts ta Amurka, hukumar da ke kula da inshorar lafiyar ma'aikatan jiha ta saki bayanan asibiti na ma'aikata domin masu bincike, bayan ta cire suna da adireshi. Gwamnan lokacin, William Weld, ya ba jama'a tabbacin cewa sirrinsu na nan daram. A 1997 wata ɗaliba a jami'ar MIT, Latanya Sweeney, ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge a kan dala 20. Rajistar na da suna, da ranar haihuwa, da jinsi, da lambar gidan waya ta yanki. Bayanan asibitin ba su da suna, amma suna da sauran ukun. Ta ɗora wannan a kan wancan. Mutum shida ne a birnin ranar haihuwarsu ta zo ɗaya da ta gwamna, uku daga ciki maza, kuma a cikin ukun shi kaɗai ke zaune a yankinsa. Ta zaro bayanan asibitin gwamna ta aika masa ofis. Daga baya ta ƙiyasta cewa kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ana iya ware kowannensu da waɗannan abubuwa uku kacal. Wani masanin ya sake lissafin da ƙidayar 2000 ya sami kashi 63. Ka ɗauki wanda ka ga dama, ko a ƙaramin adadin ma fiye da rabin ƙasa ne.

Wani zai yi dariya ya ce mu dai mun tsira, tunda da yawanmu 1 ga Janairu aka rubuta mana a katin ɗan ƙasa. To ai a ƙauye ko unguwa ba a buƙatar ranar haihuwa. "Bazawara mai 'ya'ya bakwai da ke sayar da awara a bakin firamare" ya fi suna nuna mutum, domin suna ma ana yin takwara.

Manyan kamfanoni masu injiniyoyi birjik sun faɗa wannan ramin. A 2006 kamfanin AOL ya saki abubuwan da mutum wajen 650,000 suka bincika a intanet, ya musanya sunan kowa da lamba. Cikin 'yan kwanaki 'yan jaridar New York Times suka bi abin da wata lamba ta riƙa bincikawa har suka yi sallama a ƙofar wata dattijuwa. A shekarar dai Netflix ya sa gasar dala miliyan ɗaya, ya saki ra'ayoyin masu kallo kusan 480,000 a kan finafinai, babu suna. Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov na Jami'ar Texas suka gwama da abin da mutane suka rubuta da sunansu a shafin IMDb, suka nuna cewa sanin 'yan finafinan da mutum ya kalla da kusan lokacin da ya kalla ya isa a tsamo shi. A 2013 kuma wani bincike a kan bayanan wayar mutum miliyan ɗaya da rabi ya gano cewa in an san wurare huɗu da mutum ya kasance da lokutan, an ware shi daga kowa a kashi 95 cikin ɗari na mutanen.

Da na kai nan da yaron, sai ya kawo hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko wayo. Ya ce to daga yanzu jimilla kawai za su riƙa fitarwa, ba layin kowa ba. Na ce ya yi kusa, amma da saura. A ce a makaranta ka tambayi rumbu jimillar albashin malamai 20, ya faɗa maka. Ka sake tambaya, jimillar albashin malaman da ba sa koyar da Larabci, alhali malamin Larabci ɗaya ne. Ka ɗebe ta biyu daga ta farko, ga albashin Malam a tafin hannunka. Babu tambaya ɗaya a ciki da ta ambaci mutum, babu wadda mai gadin rumbu zai ce haramun ce. A 2003 Irit Dinur da Kobbi Nissim suka tabbatar da wannan da hujjar lissafi: duk rumbun da ya amsa tambayoyin jimilla masu yawa da amsoshin da suka cika yin daidai, mai haƙuri zai iya sake gina kusan duk abin da ke cikinsa. Ko da ma'aikaci bai yi sakaci ba, ko da ba ɓarawon intanet, haka lissafin yake, kamar buhun da kowane awo ke rage shi.

Maganin da masana suka kawo zai ba mai son gaskiya tsantsa haushi, domin ƙura ake yayyafa wa amsa da gangan. Tushen dabarar tsoho ne, Stanley Warner ya kawo irinta tun 1965. Kana so ka san yawan matasan da ke shan ƙwaya, ka kuma san ba mai amsa maka. Sai ka ba kowa kwabo ya jefa a ɓoye. In ya faɗi ta fuska ya faɗi gaskiya, in ya faɗi ta baya ya ce "e" ko da bai taɓa sha ba. A cikin mutum 1,000, kusan 500 kwabo ne ya tilasta musu cewa "e". In ka sami "e" 600, ka san kusan 100 daga cikin 500 masu faɗin gaskiya ne suka amsa, wato kashi 20 cikin ɗari. Ka sami adadinka, amma duk wanda ka nuna da yatsa zai ce kwabo ne ya sa shi. A 2006 Cynthia Dwork da Frank McSherry da Nissim da Adam Smith suka mayar da wannan ma'auni mai ƙa'ida: amsar da rumbu zai bayar kada ta canja sosai ko kana ciki ko ba ka ciki, kuma kowace tambaya tana cin wani kaso na sirrin, in kason ya ƙare a rufe rumbu. Hukumar ƙidayar Amurka ta gwada kai wa alƙalumanta na 2010 irin harin da Dinur da Nissim suka nuna, abin da ta gani ya sa ta yi amfani da dabarar a ƙidayar 2020, duk da ƙorafin masu cewa ƙurar ta ɓata alƙaluman ƙananan garuruwa. Ƙorafin nasu na da ƙamshin gaskiya, ba a samun rufin asiri kyauta.

Akwai wani ɓangare na binciken rumbun bayanai, na salsalar bayani, wato daga ina wannan adadi ya fito kuma ta hannun wa ya biyo. Wanda ya zauna gaban malamin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba, isnadi ne aka koya wa na'ura. Peter Buneman da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania sun raba tambayar gida biyu a 2001, me ya sa wannan amsa ta fito da kuma daga ina aka kwafo ta. Amfaninsa a fili yake: in an ce maka mutum kaza ne suka amfana da tallafi, a iya bin adadin har layukan da suka haife shi. Sai dai isnadi da rufin asiri kishiyoyi ne, ɗaya na son a ambaci kowa, ɗaya na son a sakaya, kuma har yanzu masana na neman yadda za su zauna gida ɗaya.

Sata da cin hanci a ofisoshi ma suna fitar da bayanai, wannan kowa ya sani. Ni abin da ya dame ni shi ne ɓarnar da mutanen kirki ke yi.

In kai ne ke riƙe da bayanan mutane, fara da tambayar kanka ko kana buƙatar gurbin nan tun farko. Me rabon gidan sauro zai yi da sana'ar mutum ko lambar BVN ɗinsa? Abin da ba ka karɓa ba ba zai zube daga hannunka ba. In dole ka fitar da wani abu, ka dunƙule shi: maimakon shekara 52 ka ce tsakanin 50 da 60, maimakon bayan masallaci ka ce gunduma kaza. Duk rukunin da mutanensa ba su kai goma ba, ka haɗe shi da na kusa da shi ko ka bar shi a aljihunka. Kafin ka tura, ka miƙa wa wanda ya fi kowa sanin unguwar, irin dattijuwar da ba a yin suna ko biki ba ta je ba, ka ce ta gwada gane mutum ɗaya. In ta gane, takardar ba ta fita. Kada ka saki jadawali biyu daga rumbu ɗaya ba ka duba abin da za a samu in an ɗebe wannan daga wancan ba. Ka kuma lura, ɓoye gurbi a Excel ba gogewa ba ne, duk wanda ya danna sau biyu zai dawo da shi. Ɗalibai kuma, ku daina manna takardun amsoshin mutane a bayan kundinku don malami ya ga kun yi aiki. Ka rubuta wa ka ba bayanin, yaushe, don me, saboda ranar da ya ɓulla inda bai kamata ba a san ta inda ya bi. Kuma zauren WhatsApp ba ma'ajiya ba ne, kasuwa ce.

In kuma kai ne ake tambaya, ba rashin kunya ba ne ka ce, "Ranka ya daɗe, me za a yi da shi, wa kuma zai gani?" A Najeriya akwai dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita, kuma bayanin lafiya na cikin waɗanda dokar ta ba kariya ta musamman. Amma ni ba tsoron tara nake so ya hana mu ba. Mutumin da ya gaya maka ciwonsa don ka ba shi magani amana ya ba ka, bai ce ka kai shi dandali ba. Mu da muke sakaya sunan surukai da na ɗan fari saboda kunya, mu ne kuma za mu baje ciwon maƙwabci a gaban mutum ɗari biyu mu ce ai ba suna?

Yaron ya goge takardar a daren, ya kuma ba ni haƙuri, ko da yake ba ni ya yi wa laifi ba. Kafin ya goge, mutane da dama sun riga sun sauke ta a wayoyinsu. Shekaranjiya ya kawo mini sabuwar da zai tura wa masu taimako, layi huɗu ce kawai, kowane ciwo da adadinsa a dunƙule. Na tambaye shi ina ta asalin take, ya ce tana kwamfutar ofis, wadda su shida ke amfani da ita da lambar sirri ɗaya.