Ciwon Suga: Raunin Idon Da Ba Ya Zafi

Uwargida, idan aka ce ciwon suga na taɓa ido, hankalinmu kan tafi ne ga yanar ido. Amma akwai wurin da ake yawan mantawa da shi: tantanin nan mai haske kamar gilashi da ya lulluɓe baƙin ido, wanda likitoci ke kira koniya.

Tantanin ba shi da jijiyar jini ko ɗaya; hawaye da ruwan cikin ido ke ciyar da shi. Ƙwayoyin halittar da ke samansa kan sabunta cikin kwana 7 zuwa 10, tsofaffi su mutu, sababbi su maye gurbinsu. Ƙwayoyin gado ne ke tsara wannan mutuwa. Bax na tura ƙwaya ga mutuwa, Bcl-2 kuma na hana ta. Muddin ƙarfinsu ya zo ɗaya, ido na cikin lafiya.

Idan suga ya daɗe yana hawa a jini, yakan manne wa sinadaran gina jiki, ya kuma haifar da guba mai illata ƙwayoyin. Gwaje-gwaje kan ɓeraye masu ciwon suga sun nuna cewa a nan ne Bax ke rinjaye. Ƙwayoyi na mutuwa da sauri fiye da yadda sababbi ke fitowa, sai ƙaramin rauni ya ƙi warkewa.

Abin tsoron shi ne, sugan na kuma lalata siraran jijiyoyin da ke sa ido jin zafi. Ƙurar hunturu, tartsatsin mai a kicin, tsinken kwalli ko farcen jariri na iya ƙarzar idon, mai shi ba ta ji komai ba, har ya zama gyambo. Gyambon nan kan bar farin tabo mai tare gani.

Don haka kada ki jira zafi. Ko ke ce mai ciwon, ko maigida, ko Hajiya da kike jinya, da kin ga ido ya yi ja, yana yawan hawaye, yana bushewa ko ganin hazo-hazo, a tafi asibitin ido. Kada a ɗiga nono, ruwan suga ko maganin da maƙwabciya ta ba da. A riƙa shan magani kan lokaci, kuma likitan ido ya duba aƙalla sau 1 a shekara, ko da ido lafiya lau yake.

Yaushe rabon da a duba naki? Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.