Shimfiɗar ƴan tsaki: a kula da garin katako

Masu kiwon kaji da zabi da zomaye da yawa sukan je wurin kafinta su ɗebo abin da ya zuba ƙasa, su shimfiɗa wa dabbobinsu. Dabara ce mai kyau, don yana shanye kashi da fitsari, yana kuma tare sanyin ƙasa lokacin ɗari. Amma ba kowane ne ya dace ba.

Abin da ke zuba wurin kafinta iri biyu ne. Akwai sassaƙe mai faɗi wanda ke fita idan ana fere katako, akwai kuma gari mai laushi wanda zarto ke fitarwa. Sassaƙen shi ake so. Ɗan tsakon da bai kai mako guda ba bai san abinci ba tukuna. Idan ya ga garin sai ya ɗauka dusa ce, ya cika ciki da shi, ya rame, wani ma ya mutu. Ƙurarsa kuma tana shiga hanci da idanu. Saboda haka a kwana 3 ko 4 na farko, ku rufe shimfiɗar da takarda mai kauri, ku zuba abinci a kanta.

Kafin ku ɗiba, ku tambayi kafinta. Idan katakon ya sha fenti, ko baƙin mai, ko maganin gara, ku bar masa abinsa ko da kyauta ne. Zomo ya fi shiga hatsari a nan, don ba ya ganin ice ya ƙyale.

Babban abin tsoro shi ne laima, musamman da damana. Jiƙaƙƙen sassaƙe yana yin funfuna, ƴan tsaki su shaƙa, ta kama musu huhu. Sai ka ga suna buɗe baki suna haki, kuma da wuya magani ya tashe su. Zawon jini ma a jiƙaƙƙen wuri yake yaɗuwa. Ku shanya sassaƙen a rana, sannan ku zuba shi kaurin yatsa 4. Kowace safiya ku damƙi kaɗan ku matse. Idan ya warware, lafiya lau. Idan ya dunƙule, ko warinsa ya sa ku hawaye, ku kwashe, ku zuba sabo. An fi samun wannan a gindin abin shan ruwa.

Wanda aka kwashe a tara shi a rami ya ruɓe, taki ne na gona. Fitila ko kaskon wuta kuwa, a ɗora su bisa tubali, don busasshen sassaƙe ba ya jinkirin kamawa.