Kafin ka kawo 'yar kyanwa gida

A gidaje da yawa ba zama ake yi a yanke shawarar kiwon kyanwa ba. Ɓera ne ya addabi ɗakin ajiya, ko kuma magen maƙwabta ta haihu a bayan murhu, yaro ya dawo da ɗaya a cikin riga. Daga nan sai a ce ai kyanwa ita ke kula da kanta, a zuba mata ragowar tuwo a murfin tukunya, a ci gaba da harkoki. Wannan tunani ya kashe 'yan kyanwa masu yawa. Abin takaicin shi ne sau da dama ba mugunta ke kashe su ba, alheri ne da aka yi ba da sani ba. Jikin kyanwa ya bambanta da na mutum, ya bambanta da na kare, kuma abin da ke warkar da mu yana iya zama ajalinta.

A fara da lokacin ɗauko ta. Kada a raba 'yar kyanwa da uwarta kafin ta yi mako 8 aƙalla. A wajen uwa take samun nonon da ke kare ta daga cututtuka, a wajen 'yan'uwanta kuma take koyon iyakar cizo da yaƙushi idan ana wasa. Tsakanin mako 2 zuwa 7 ne take sabawa da hannun mutum. Wadda ta wuce wannan lokacin a cikin kango ba tare da kowa ya taɓa ta ba, da wuya ta zama mai hawa cinya. Idan za ka zaɓa, duba ido da hanci su kasance a bushe, babu kwantsa babu majina, ƙarƙashin wutsiya babu alamar zawo. Launi ba ya cikin lissafi. Baƙar mage da wasu ke gudu saboda camfin aljanu, ita ma mage ce, ɓera take ci.

Ranar da ta iso, kada a sake ta a tsakar gida yara su yi mata caa. A sa ta a ɗaki guda da kwali da tsumma, da ruwa da abinci, a bar ta ta ɓuya son ranta. Kyanwa da muhalli take sabawa kafin ta saba da mutane, shi ya sa ake tsare sabuwa a cikin gida kamar mako biyu zuwa uku kafin a bar ta ta leƙa waje. Maganar bahaya kuwa ba ta da wahala. Faffaɗar roba da yashi a ciki ta wadatar, a ajiye nesa da kwanon abincinta, a riƙa kwashewa kullum. Binne kashi ɗabi'arta ce, ba sai an koya mata ba.

Abinci ne inda aka fi kuskure. Kyanwar gida jikar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta matso kusa da mutane lokacin da suka fara tara hatsi, ɓeraye suka biyo. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500 inda aka binne mutum da kyanwa a gefensa. Duk tsawon wannan zama, cikinta bai sauya ba: maciyar nama ce zalla. Akwai wani sinadari mai suna taurin da jikinta ba ya iya haɗa isasshe, sai a nama da kifi take samunsa. Rashinsa na kawo makanta, kuma a 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna yana lalata zuciyar kyanwa. Saboda haka tuwo da shinkafa za su cika mata ciki, amma ba za su riƙe ta ba. Ba dole sai abincin gwangwani mai tsada ba. Guntattakin nama daga wajen mahauci, zuciya da ƙundun kaza, dafaffen ƙwai, kifin da aka cire wa ƙaya, duk suna yi. Hanta kuma jefi-jefi, domin yawanta na cutarwa. A dafa ba gishiri, ba yaji, kuma musamman ba albasa ba tafarnuwa, domin suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta. Romon miyar gidanmu, duk daɗinsa, bai dace da ita ba. Dafaffen ƙashin kaza ma a kiyaye, yana tsagewa ya soke ta.

Madara fa? Kowa ya taso da ganin ana ba mage madara, kuma tana sha da marmari. Sai dai yawancinsu bayan yaye ba sa iya narkar da sukarin da ke cikin nonon saniya, ƙarshenta zawo, zawo kuwa ba ya jinkiri wajen kayar da ƙaramar kyanwa. Ruwa mai tsabta take buƙata, kuma da yake asalinta na busasshiyar ƙasa ne, ba ta cika jin ƙishirwa ba. A ajiye mata ruwa a wuri fiye da ɗaya, musamman lokacin bazara. A kuma lura da fitsarinta: muzurun da aka ga yana ta tsugunawa yana kuka fitsari bai fito ba, a ranar za a kai shi wajen likita, gobe ta yi nisa.

Akwai masu cewa a bar ta da yunwa don ta fi kama ɓera. Ni ban yarda da wannan ba. Farauta a jininta take, ƙosasshiyar kyanwa ma tana yi, mayunwaciya kuwa gidan da ake ba ta abinci za ta koma. Hadisin matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu sananne ne ga kowa.

Yanzu ga abin da nake so mai karatu ya riƙe ko da ya manta sauran. Kada a taɓa ba kyanwa farasitamol. Hantarta ba ta da isasshen abin da ke sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta: dasashi ya sauya launi, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Haka maganin ƙuma da kaska na karnuka mai ɗauke da sinadarin fametirin, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Fiya-fiya da ake fesawa a ɗaki ma haɗari ne, tunda duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe shi. Sannan wanda ya kawo kyanwa ya yi sallama da shinkafar ɓera. Ɓeran da ya ci guba tafiyarsa ke raguwa, shi ne kuwa mafi sauƙin kamu.

Batun rigakafi ya shafi mutanen gida kai tsaye. Ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara a duniya, kusan duka ta hanyar cizon kare, amma kyanwa ma tana kamuwa tana kuma yaɗawa. Daga wata uku ake yi mata allurar. Wanda kyanwar da ba a san lafiyarta ba ta ciza ko ta yaƙusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti ba tare da jiran alama ba, domin idan alama ta bayyana magani ya ƙare. Asibitocin koyarwa na dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da ofisoshin likitocin dabbobi na jihohi, su ne wuraren tambaya game da allurai da maganin tsutsar ciki. Mai juna biyu ta bar wa wani kwashe yashin, saboda wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin kyanwa wadda kan taɓa ɗan tayi. Ba sai an kori kyanwar ba, kwashewa kullum da wanke hannu suna rage haɗarin ƙwarai. Idan akwai mai asma a gida, a gwada zamansa kusa da kyanwa tukuna. Idan kuma an ga gashinta na zubewa a zagaye, wataƙila makero ne, kuma yana kama yara.

Saura haihuwa, wadda ba a cika tunaninta ba sai ta zo. Macen kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, cikin kwana 63 zuwa 65 ne kawai, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Mai mage ɗaya a watan azumi yana iya wayar gari da shida kafin wani azumin, daga nan sai a fara sa su a buhu ana jefarwa a bakin kasuwa. Likitan dabbobi na yi wa mace aikin hana haihuwa, ya yi wa muzuru fiɗiya, abin da ke rage masa yawon dare da faɗa da fesa fitsari a bango. Kyanwar da ake kula da ita tana kai shekara 12 zuwa 15, wasu ma su wuce, don haka tun a ziyarar farko ta allura ya kamata a tambayi likita kuɗin aikin da lokacin da ya dace a yi shi.